Kiran kayoti da karnukan daji: da gaske ne, kuma zai tsare mini tumaki?

"Assalamu alaikum, Malam. Ina da 'yan tumaki da awaki a bayan gari, a yankin Gumel. Tun shigowar kaka wani abu ke faɗa musu da dare. Ya kashe mini tunkiya biyu da 'yan raguna uku, wasu kuma ya bar su da rauni a cinya da kunne. Wasu sun ce dila ne, wasu sun ce karnuka ne. Yarona ya nuna mini bidiyo a waya, Turawan Amurka suna busa wani abu a daji, sai wata dabba mai kama da dila ta taho a guje su harbe ta. An ce mini kana aiki da masu kiwo a can. Da gaske ne ko haɗin fim ne? In da gaske ne, yaya ake yi, kuma zai yi mini maganin wannan ɓarna?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alheri, ya tsare abin da ya rage. Tunkiya biyu da 'yan raguna uku a kaka ɗaya asara ce mai ciwo, balle in aka lissafa dusa da harawar da suka ci kafin su kawo haka.

In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko abin da ke cikin bidiyon gaskiya ne, yadda ake yin sa, da ko zai raba ka da abin da ke shigo maka da dare. Gaskiya ne, babu haɗi. Ni ma ina yi, domin aikina a yammacin jihar Texas yake, a kewayen San Angelo, cibiyar kiwon tumaki da awaki ta Amurka, kuma kiran kayoti, wato dabbar da ka gani a bidiyon, na cikin ayyukan da masu kiwo ke nema a yi musu. Tambayarka ta ukun ce ke son natsuwa. Kira dabara ce ta cire dabba ɗaya ko biyu waɗanda ka riga ka tabbatar su ke ɓarnar. Wanda ya ɗauki bindiga kafin ya san mai laifi, sau da yawa wadda ba ruwanta yake kashewa, ɓarna kuwa ta ci gaba. Yadda ka kwatanta raunukan ma ya sa zuciyata ta fi karkata ga karnuka, zan kuma zo kan dalili.

Dabbar da ka gani

Sunanta kayoti. Dangin kare ce, nauyinta daga kilo 9 zuwa 20, wato ta ɗara dilanmu kaɗan, mai tsinin baki da dogayen kunnuwa da jela mai gashi wadda take saukewa ƙasa in tana gudu. Kamar da ka gani tsakaninta da dila ba ta ido kawai ba ce. A 2015 binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa dilan nan mai ruwan ƙasa na Sahel da arewacin Afirka ya fi kusanci da kayoti da kyarkecin Turai da Amurka a kan dilan Asiya da aka daɗe ana ɗauka jinsinsu ɗaya.

Asalin mazaunin kayoti filayen ciyawa ne da hamadar yamma da tsakiyar Amurka ta Arewa. Da Turawa suka ƙarar da kyarkeci a mafi yawan ƙasar, suka sare dazuka suka yi gonaki, sai fili ya zama nasa. Yau babu jihar Amurka da ba ya nan in ban da Hawaii, ya gangara kudu har Panama, yana kwana a cikin biranen Chicago da Los Angeles. Duk wannan yaɗuwa ta faru ne ana tsakiyar yaƙarsa. Tun 1931 akwai dokar tarayya da ta ɗora wa gwamnati aikin kashe namun dajin da ke ɓarna ga masu kiwo. An zuba guba a daji shekara da shekaru, har sai da Shugaba Nixon ya hana amfani da ita a filayen gwamnati a 1972. Har yanzu sashen da ke wannan aiki a ma'aikatar gona ta Amurka yana kashe kayoti wajen 60,000 a shekara, ban da na mafarauta da masu tarko. Ka riƙe wannan a ranka, domin shi ne ginshiƙin abin da zan faɗa maka daga baya.

Me ke kawo shi

Maharbanmu na da sun san wannan ilmi ta wata fuska. Mai farauta da burtu yakan ɗaura kan tsuntsun a goshi, ya duƙa yana tafiyar burtu har ya kusanci nama. Shi ido yake ruɗa, mai kiran kayoti kuwa kunne.

Kukan da ka ji a bidiyon, in na zato daidai, na zomo ne da wani abu ya kama. Kuka ne mai tsini, mai karyewa, mai ban tausayi, wanda duk mai cin nama a daji ya san ma'anarsa: ga abinci, kuma wani ya riga ni. Shi ya sa yake tahowa a guje. Yunwa ke nan. Amma kayoti dabba ce mai yanki. Namiji da mace sukan haɗu su riƙe fili, su tsare iyakarsa da fitsari da dogon kuka. In ka yi kukan baƙon kayoti a tsakiyar filinsu, masu gida za su zo su ga wane ne, ko da cikinsu a cike yake. Akwai kuma kukan kwikwiyo mai jin ciwo, wanda ke tayar da iyaye lokacin da suke da 'ya'ya a rami. Wani lokaci kuma son sani ne kawai ke jawo shi, ya tsaya daga nesa yana kallo.

Abin busawar kansa ba wani abin mamaki ba ne. Ɗan bututu ne na katako ko roba ko ƙaho, da siririn harshe a ciki mai karkarwa in iska ta bi ta kansa. Akwai wanda harshen ke ɓoye, busawa kawai za ka yi, ya dace da ɗan koyo. Akwai mai harshe a waje, wanda kake dannawa da leɓe ko haƙori, da shi kana iya fitar da kukan zomo da na kwikwiyo da dogon kukan babba. Wasu 'yan'uwa biyu, Murry da Winston Burnham na garin Marble Falls a nan Texas, na cikin waɗanda suka yaɗa wannan sana'a a shekarun 1950. Daga baya Johnny Stewart na Waco ya riƙa naɗar kukan dabbobi na gaske a faifai. Yanzu lasifika mai batir da rimot ake yayi, irin na kamfanin FOXPRO, mai ɗauke da ɗaruruwan kuka. Ni dai har gobe na fi yarda da na baki, saboda kukan da ke cikin na'ura kowa na da irinsa, kayotin yankin ya sha jin sa, na bakinka kuwa ba ya taɓa fita iri ɗaya sau biyu.

Yadda zama ɗaya ke gudana

Duk aikin iska ne. Idon kayoti kana iya ruɗa shi, kunnensa ma haka, hancinsa ne ba ya ruɗuwa. Kafin in sauka daga mota sai na san inda iska ke kaɗawa, kuma ina ɗauke da 'yar kwalbar gari mai laushi da nake bushewa sama in ga inda ya nufa. Toka ma tana yi. Ana ajiye mota a kwari ko bayan tudu inda ba za a hango ta ba, ba a buga ƙofa, ba a magana. Ka shiga kana fuskantar iska, ko ta riƙa dukan kuncinka, yadda warinka zai tafi baya, can inda ka fito. In ka shiga iska na bin bayanka, ka riga ka aika wa duk dabbar da ke gabanka saƙo, zaman ya mutu tun ba a fara ba.

Wurin zama ya kasance ɗan tudu inda kake ganin fili, ka jingina da kurmi ko dutse don kada surarka ta fito a sararin sama, rana kuma tana bayanka in da hali. Abu mafi muhimmanci, wanda sababbi ke mantawa, shi ne ka iya ganin gefen da iska ke kai warinka. Dalili kuwa, babban kayoti ba ya zuwa kai tsaye. In ya rage mita 100 ko 200 sai ya yi kwana, ya zagaya don ya sa hancinsa a iskar da ta fito daga wurin kukan, ya tabbatar zomo ne. Yana taka layin warinka zai juya, ba za ka ma san ya zo ba. Amfanin lasifika a nan yake: ka ajiye ta mita 30 zuwa 50 daga inda kake, yadda in ya zagaya don ya shaƙi iskarta, zai bi ta gabanka.

In na zauna nakan yi shiru na 'yan mintuna, daji ya manta da shigowata. Sannan in fara a hankali, domin wataƙila akwai wanda ke kwance kusa, ƙara mai ƙarfi za ta firgita shi. Sau da yawa tsotsar bayan hannu kawai nake yi, ta ba da ƙarar ɓera, kuma a safiya mai sanyi marar iska wannan 'yar ƙarar na kai wa nesa fiye da yadda mutum ke zato. In ba motsi sai in ɗauki abin busa, in yi kukan zomo na kamar rabin minti, ina buɗe tafin hannu ina rufewa a bakin bututun don kukan ya riƙa karyewa, sannan in yi shiru minti biyu ko uku. A cikin shirun nan ake ganin su. Ido ne ke yawo, kai ba ya juyawa. Tsuntsaye ma suna ba da labari: in hankaki suka taso suna bin wani abu a ƙasa daga nesa, to ka shirya.

In ya shigo fili yana sassarfa, ba a harbi a haka. Ka bari ya shiga bayan wani kurmi ka ɗaga bindiga, in ya fito ka yi masa haushi da baki sau ɗaya, gajere. Kusan kullum zai ci birki ya ɗaga kai, ya ba ka daƙiƙa biyu ko uku. Nan ake harbi, a ƙirji, harsashi ɗaya. A fili mai faɗi bindiga mai madubi ake riƙewa, irin su .223 da .22-250 da .243, a cikin sarƙaƙiya kuwa mai harsashin da ke watsuwa. Ba a harbin abin da ba a gani sarai ba, ba a harbin dabbar da ke tsaye a kan tudu babu komai a bayanta, domin harsashin irin waɗannan bindigogi na tafiyar kilomitoci. In minti 20 zuwa 30 suka wuce ba a ga komai ba, sai a tashi a hankali a matsa kilomita ɗaya ko biyu.

Abin da bidiyo ba ya nuna maka shi ne zaman da aka yi ba a ga ko jela ba, kuma su suka fi yawa. In iska ta yi ƙarfi kukan ba ya tafiya, dabbobin ma sukan lafe. Wanda kuma aka taɓa kira aka harba aka kuskure, ya yi karatu. Irin wannan zai tsaya can nesa inda harsashi ba ya kai, ya riƙa haushi yana sanar da na kusa. Shi ya sa nake roƙon masu kiwo kada su bar yaransu su je gwaji a inda ake ɓarna, don gwajin ɗan koyo ɗaya na iya ɓata aikin wata guda.

Lokaci ma na da hukunci. Daga Oktoba zuwa Disamba 'ya'yan bana ke barin iyaye suna neman nasu wuri, ga yunwa ga rashin wayo, kukan zomo na ɗebo su da sauƙi. Janairu zuwa Maris lokacin barbara ne, dogon kuka ya fi tasiri. Ciki kwana 60 zuwa 63 ne, ana haihuwa a Afrilu da Mayu, galibi 'ya'ya biyar zuwa bakwai, kuma daga nan ne ɓarna a garke ke tsananta.

Wanda ya amsa kira da wanda ke cin tumaki

A nan ne masu sayar da kayan kira ba sa son tsayawa. Kayotin da ya fi saurin amsa kukan zomo shi ne matashi mai yawo, wanda abincinsa ɓera ne da zomo da fara da 'ya'yan itace. Wanda ke cin tumaki kuwa, binciken da aka yi shekaru a tashar Hopland ta Jami'ar California ya nuna galibi masu gida ne, namiji da macen da ke riƙe da yankin da garken ya shiga ciki. In aka cire su ɓarna takan tsaya na wani lokaci, in aka kashe wasu dabam kuwa ba abin da ke canzawa. Wani bincike a Wyoming da aka buga a 1983 ya ga cewa ko 'ya'yan kawai aka ɗauke daga rami, iyayen kan daina kashe tumaki kusan gaba ɗaya, abin da ya nuna ciyar da baki shida ne ke tura su ga nama mai girma.

Rage yawansu ta hanyar harbi kuma ba ya ɗorewa. A 1975 wasu masana biyu, Connolly da Longhurst, suka yi lissafi cewa sai an kashe kashi 75 cikin 100 kowace shekara, har fiye da shekara 50, kafin a ƙarar da kayoti a yanki. Yankin da aka kashe masu shi kamar shago ne a bakin kasuwa, ba ya daɗewa babu mai haya. Waɗanda suka rage kuma abinci ya yalwata musu, 'ya'yan da ke rayuwa su ƙaru. Jihar Utah ta fara biyan dala 50 a kan kowane kayoti a 2012, kayoti na nan a Utah.

Saboda haka in mai kiwo ya kira ni, bindiga ce ƙarshen abin da nake fitarwa. Mushen nake fara dubawa, sannan sawu, sannan inda aka kutsa ta ƙarƙashin waya, inda gashi kan maƙale. Da asuba in tsaya a tudu in saurara, wani lokaci in yi dogon kuka ɗaya su amsa, in gane kwarin da masu gidan suke. Sai washegari in shiga kusa da su, in yi musu kukan baƙo ko na kwikwiyo, wanda su ne kaɗai zai tayar wa hankali. In aiki ya yi kyau, dabba ɗaya ko biyu ne, shi ke nan.

Gasar da ake shiryawa a wasu jihohi, wadda ake ba da kyauta ga wanda ya fi tara gawa a kwana biyu, ba na zuwa, ba na kuma yaba ta. California ta hana ba da irin wannan kyauta a 2014, New Mexico ta haramta gasar a 2019, wasu jihohi sun bi sahu. Mu da aka koya mana cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mayar da mai rai abin gwajin harbi, ba ma buƙatar dokar jiha kafin mu ga munin abin. Kashe mai ɓarna don tsare dukiya dabam, tara gawarwaki a bayan mota don hoto dabam.

Su wane ne karnukan daji

In ka ci gaba da kallon irin waɗannan bidiyoyi za ka ci karo da na Ostareliya. Abin da doka a can ke kira karen daji ya haɗa da dingo, wani dangin kare mai zama a daji wanda ya isa nahiyar fiye da shekara 3,000 da suka wuce, da karnukan gida da suka gudu, da ruwa-biyunsu. Masu tumaki sun yi masa katangar waya mai tsawon kilomita 5,614, daga Queensland har gaɓar teku a kudu. Masu farautarsu a can sun fi dogara da tarko da guba, amma suna kira, musamman daga Afrilu zuwa Yuni lokacin barbara, kuma da yawansu da baki kawai suke yi, su haɗa tafin hannu su ja dogon kuka, namijin da ke neman mace ko mai kishin yanki ya amso ya taho. Binciken ƙwayoyin gado da Kylie Cairns da abokan aikinta suka buga a 2021 da 2023 ya nuna mafi yawan waɗanda ake kashewa da sunan karnukan daji dingo ne, karen gida tsantsa kaɗan ne ƙwarai a cikinsu, kuma wannan ya tayar da muhawara a ƙasar kan kisan. Wannan ɓangare daga rubuce-rubucensu na san shi, aikin hannuna a kan kayoti ne.

Namu kyarkecin na Afirka, mai dabbare-dabbare da faffaɗan kunne, wanda ke farauta a ayari, shi kam ba abin farauta ba ne yanzu. Yana cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa, kiyasin da aka fi ambata bai wuce 6,600 a duk nahiyar ba, a Afirka ta Yamma kuwa sai 'yan tsiraru irin na gandun Niokolo-Koba a Senegal. Ba shi ke shigo maka a Gumel ba.

Abin da ke shiga garkenka

Ban ga mushen ba, saboda haka hukuncin ƙarshe naka ne, amma ga yadda za ka yanke shi. In aka sake, Allah ya kiyaye, ka je da sassafe kafin ungulu, ka feɗe fatar wuya da ta cinya ka duba ƙarƙashinta. In akwai jini da ya taru ya yi baƙi a kewayen huɗar haƙori, an ciji dabbar tana da rai. In naman fari ne tas, to mutuwa ta yi da kanta, mai cin mushe ya tarar. Dila, kamar kayoti, maƙogwaro yake kamawa, a bayan muƙamuƙi ƙasan kunne, ya riƙe har numfashi ya ɗauke. Sai ya buɗe kwiɓi ya fara da hanta da kayan ciki. Ɗaya yake kashewa, ya ci, ya tafi, kuma da girmansa na kilo 7 zuwa 15 ya fi ƙarfi a kan 'yan raguna da 'yan awaki da kaji. Kura kuwa ba ta barin abin dubawa da yawa, takan ja ta tafi, ta farfasa ƙashi.

Karnuka ba haka suke ba. Kora suke yi, su yi ta cizo ta ko'ina, cinya, hantsa, kunne, fuska. Za ka tarar an kashe biyu an raunata huɗu, garke ya watse, naman da aka ci kuma kaɗan ne ko babu. Manyan tumaki biyu da aka kashe maka, da waɗanda aka bari da rauni a cinya da kunne, duk wannan hoton suke nunawa. Ka duba sawu a rairayi: na dila ɗan siriri ne, mai tsawo, a layi ɗaya kamar mai sauri zuwa wani wuri. Na kare zagayayye ne, yatsu a baje, farce a fili, yana karkata nan da can, kuma in girman sawun ya bambanta, ayari ne. Ka share ƙasa a kewayen garke da yamma ka yayyafa toka, da safe za ka karanta.

In karnuka ne, kira ba naka ba ne. Za su amsa kukan zomo, sun sha fito mini a nan, amma mafi yawan karnukan da ke irin wannan ɓarna suna da masu su. Da rana suna kwance a ƙofar gida, da dare su haɗu su fita. Ka kira, na maƙwabci da bai taɓa kusantar garkenka ba ya zo ka harbe shi, ka sayi rigimar da ta fi tunkiya biyu tsada. A Texas doka ta yarda mai kiwo ya kashe karen da ya kama yana far wa dabbobinsa, filayen kuma na mutum ɗaya ne masu faɗin gaske, babu mai wucewa. Bayan garinku akwai masu dawowa daga gona, akwai rugage, akwai yara masu kiwo. Ga batun lasisi, wanda ko bindigar toka sai da shi daga 'yan sanda. Ga halin tsaron da ake ciki, inda mutum da bindiga da tocila a daji da dare zai iya rasa ransa kafin a tambaye shi ko wane ne. Don Allah kada ka yi, kada kuma ka bar yaron ya gwada.

Hanyar karnuka ta mai unguwa ce da dagaci. A bi sawu, a gane gidajen, a sa masu su su ɗaure da dare, a yi maganar diyya. Waɗanda ba su da mai su, a kai ƙara ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma. Kuma ka sa batun haukan kare a gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan duka daga cizon kare. Kada ka taɓa raunin tunkiyar da aka ciza da hannu tsirara, ka nuna wa likitan dabbobi ita. Duk wanda kare ko dila ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a kai shi asibiti ranar a fara allura. Allurar rigakafin karnuka kuwa ana haɗa ta a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato, yi wa karnukan unguwa ita ya fi harbinsu amfani.

Guba a mushe, wadda na san wani zai ba ka shawararta, ka guje ta. Ungulu za ta fara kashewa, sai karnukan da ba su da laifi, wani lokaci har kaji da mutane.

Abin da ya fi rage asara, a nan ma da ake da bindiga da jirgin sama mai saukar ungulu, shi ne abin da ke hana a kai ga dabbar. Kwana a cikin shinge mai tsawon da ya kai kafaɗar mutum, ƙasansa a toshe da ƙaya ko waya da aka binne don kada a tona. Masu sabuwar haihuwa su kwana cikin gida har 'ya'yan su yi ƙwari. A daina jefar da mushe da mahaifa kusa da garke, domin su ke koya wa kare da dila hanya. Masu kiwo da yawa a Texas sun koma ga manyan karnukan gadi, irin su Akbash da Great Pyrenees, waɗanda ake sa su cikin 'yan raguna tun suna da kamar mako takwas har su ɗauki garken a matsayin danginsu. Wasu kuma jaki suke sawa, kuma wannan kana da shi a hannu. Jaki ya tsani duk wani dangin kare, zai yi kuka ya bi shi da cizo da harbi. Mace ɗaya ake sawa, ko namijin da aka dandaƙe. Namiji mai ƙarfinsa na iya tattake 'yan raguna, in kuma ka sa biyu sai su shagala da juna su bar tumakin. Ka fara ɗaure ta a gefen shingen na mako ɗaya ko biyu su saba, ka kuma sa ido a kanta lokacin haihuwa.

In kuwa feɗewa da sawu suka nuna dila ne, to a nan kira na da gurbi. Manoman Karoo a Afirka ta Kudu suna kiran nasu dilan mai baƙin baya da lasifika, masu ƙidayar dila a Turai ma kukansa suke kunnawa su lissafa masu amsawa. Ka je wurin sarkin baka ko wani maharbi mai lasisi da aka sani a garin, a sanar da mai unguwa da 'yan sintiri rana da wuri, a fita da hasken asuba lokacin da ake iya bambance dila da kare da mutum. A zauna kusa da inda sawun ya nufa, a duba iska da toka, a fara da tsotsar bayan hannu. In ya zo aka samu, a dakata a ga ko ɓarnar ta tsaya kafin a sake fita. In bayan mako biyu ba a ƙara taɓa garken ba, shi ne, sauran dilolin yankin a bar su su ci gaba da cin ɓerayen gonarka.